Jan Taru a Hanyar Rawayau

Sati uku Baba ya yi a gidana a Dutsin-Ma, ban tuna ko sau ɗaya da ya yi mini magana mai tsawo ba. Ni na je na ɗauko shi daga ƙauyenmu da ke yankin Rawayau, saboda jininsa ya hau, ƙafafunsa sun kumbura, ga shi tun da Inna mahaifiyarmu ta rasu, wata biyar kafin nan, ya daina cin abincin kirki. Likita ya duba shi, ya rubuta magani, kumburin ya saɓe, jinin ma ya sauka. Amma mutumin da nake dawowa daga makarantar da nake koyarwa in tarar a gindin bishiyar bedi, ba shi ne Baban da na sani ba. Yana zaune a kan buzu, carbi a hannu, ido a bangon gida. In na gaishe shi ya amsa, in na tambaye shi jiki ya ce da sauƙi, shi ke nan. Matata ta yi tuwon dawa, ta yi ɗanwake, ta dama fura da nono mai kyau, duk loma biyu yake yi ya ture kwano ya ce Allah ya yi albarka.

Ranar wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci ya ce mini, "Gobe ka maida ni gida."

Na yi ƙoƙarin in ja shi ya ƙara ko sati ɗaya. Bai yi gardama ba, bai kuma sake maganar ba. Da asuba na tarar ya naɗe buzunsa ya ɗaure kayansa a ɗankwali, yana jirana a zaure.

Lokacin bazara ne, zafi ya fara kankama, shi ya sa muka fita da wuri. Muka ɗauki titin Kurfi a tsohuwar motata, shi a gaba kusa da ni, ya ɗora sandarsa tsakanin gwiwoyinsa. Da muka yi nisa na sauka daga kwalta na kama hanyar ƙasa da ke ratsa fadama, wadda ta fi kusa zuwa garinmu idan ba damina ba. Na kunna rediyo, na ga kamar tana damun sa, na kashe.

Hantsi bai gama dubawa ba muka iso wani wuri da hanya ta toshe. Babura ne birjik an jingine su a gefe, ga wata a-kori-kura ta tsaya a tsakiyar hanya an sauke manyan bahuna daga bayanta. A shekarun nan idan mutum ya ga taro a hanyar daji gabansa faɗuwa yake yi, nawa ma ya faɗi. Sai na ji ƙugin injin ban ruwa, na ji dariyar mata, hankalina ya kwanta. Na danna ham don a ba ni hanya.

Baba ya ɗaga kai ya shaƙi iskar da ke shigowa ta taga. Wari ne na laka mai ɗumi, irin wanda ke tashi idan ruwan da ya daɗe a kwance ya janye.

"Tsaya," in ji shi. "Kifi ake kamu nan."

Na ce, "Baba, rana za ta yi mana."

"Tsaya dai mu gani."

Wannan ne karo na farko cikin wata biyar da na ji ya nemi wani abu don kansa, ban da a maida shi gida. Na gangara da mota gefe na kashe.

Bayan wasu bishiyoyin mangwaro kududdufin yake. An haƙa shi mai kusurwa huɗu, faɗinsa ya kusa rabin filin ƙwallo, an daɓe gaɓarsa, an kewaye da waya. Injin ya kwana biyu yana zuƙe ruwa ta wani ƙaton tiyo yana turawa cikin gonar albasa da ke maƙwabtaka, har ruwan da ya rage bai wuce ƙugun mutum ba. Magidanta kamar takwas ne a ciki, sun tuɓe riguna, sun shimfiɗa taru daga wannan gaɓa zuwa waccan. Taru doguwar raga ce, igiyarta ta sama an ɗaura mata robobi don ta yi iyo, ta ƙasa kuma an maƙala mata dalma don ta nutse. A inuwa mata masu suyar kifi na zaune a kan bahunansu suna jira, wata tsohuwa daga cikinsu har ta hura wuta ta ɗora kasko.

Mai kududdufin ya hango mu ya taho. Mutum ne kakkaura mai kimanin shekara hamsin, wandonsa a naɗe har gwiwa, kowa a wurin Alhaji yake ce masa. Daga baya na ji fataucin hatsi yake yi a kasuwannin Kurfi da Dutsin-Ma, kiwon kifin bai fi shekara biyu da fara shi ba. Bai san mu ba, amma ya russuna ya gaida Baba kamar ubansa, ya sa aka kifa baho a inuwa aka shimfiɗa buhu a kai.

"Baba, zauna ka yi kallo. Malam, sannu da hanya. Karfasa ce, wata bakwai ke nan da zuba ta, yau Allah ya nufa."

Aka fara ja. Mutanen suka kama igiyar sama suka yi gaba da ƙarfi, suna ihu, suna zolayar juna, ruwa yana ta fantsama. Kifaye suka riƙa tsalle ta saman raga suna walƙiya a rana kamar ana watsa faranti. Mata suka miƙe suna guɗa. Ni kaina na ɗauka an gama aiki. Amma da aka jawo tarun bakin gaɓa aka ɗaga, abin da ke ciki bai cika baho ɗaya ba. Aka sake komawa, aka sake ja da sauri fiye da na farko. Wannan karon ma haka. Fuskar Alhaji ta canza. Na ji yana ce wa wani ƙaninsa a hankali, ko dai an shigo an kwashe masa kifi ne bai sani ba.

Na dubi Baba, na ga ya jingine carbinsa a cinya, ya tokare haɓa da sanda, leɓunansa na motsi. Da farko na ɗauka zikiri yake yi. Da na matso sai na ji cewa yake, "A'a. A'a. Ba haka ba."

Ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, zo nan."

Alhaji ya zo ya tsuguna.

"Kifinka na nan, ba wanda ya taɓa maka shi. Ƙarƙashin taru yake wucewa. Karfasa ba tarwaɗa ba ce. Idan ta ji motsi sai ta kwanta da gefe ta lafe cikin laka, raga ta bi ta bayanta ta wuce. Su kuma mutanenka duk sama suka riƙe, suna gudu, igiyar ƙasa ta tashi tana yawo. Mi za su kama?"

Wani daga cikin masu jan, wani dogo mai gemu, ya yi dariya daga cikin ruwa ya ce, "Baba, bara ma haka muka ja."

"Bara tarwaɗa kuka ja ko karfasa?"

Mai gemun ya ce tarwaɗa ce. Mata suka tuntsire da dariya.

Alhaji ya ce, "Baba, ashe kai masunci ne?"

"Rani bakwai na yi a Baga," in ji Baba. "Tun wanga bai zo duniya ba." Ya nuna ni da haɓa.

Na tsaya ina kallon sa. Na san dai a ƙuruciyarsa ya yi cirani a gabas, haka ake faɗa a gida, gabas kawai, ni kuma na ɗauka dako ya yi ko leburanci kamar sauran sa'o'insa. Manomi na taso na gan shi, gero da dawa da gyaɗa. Shekara arba'in da 'yan kai ina ɗansa, ban taɓa sanin ya shiga kwalekwale ba.

Ya yi musu bayani daga zaune: mutum huɗu su riƙe sama, su ɗaga ta sosai saboda masu tsalle, sauran su taka igiyar ƙasa da ƙafa su riƙa jan ta cikin laka, a hankali, ba ihu. Suka gwada, amma ba su gane yadda ake takawar ba. Wani ya danne igiyar ya hana ta tafiya, wani ya sake ta. Baba ya yi tsaki. Kafin in ankara ya zare takalmansa ya fara naɗe wando.

Na riƙe hannunsa na ce, "Baba, don Allah. Jiya-jiya ƙafafun nan suka saɓe. Idan ka zame fa? Me zan gaya wa Yaya?" Yaya ita ce babbar 'yarsa, wadda ke kula da shi a ƙauye, kuma ta fi ni faɗa nesa ba kusa ba.

Bai dube ni ba ma. Alhaji ne ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ƙyale shi. Ni zan riƙe shi da hannuna. Bakin gaɓa kawai, ba zai wuce ƙauri ba. Wallahi in ya jiƙa fiye da haka ka kama ni."

Ban san abin da ya sa na sake shi ba. Ina jin yadda Alhajin ya faɗi maganar ne, ba da wasa ba, kamar ya ga wani abu a fuskar tsohon da ni tsoro ya hana ni gani.

Suka gangara tare, Alhaji ya zagaye ƙugunsa da hannu ɗaya. Baba ya sa ƙafa a ruwa ya ɗan tsaya, ya lumshe ido. Sannan ya laluba igiyar da ƙafa, ya maƙale ta tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, ya nutsa ta cikin laka, ya ja ƙafar gaba ba tare da ya ɗaga ta ba. Taku uku ya yi haka.

"Kun gani? Kada ƙafa ta bar ƙasa. In kun ji abu na motsi ƙarƙashin tafin ƙafarku, ita ce, ku tura ta gaba. Kai mai gemu, kai ne tsakiya, kai ka fi tsawo. Bismillah."

Aka fito da shi ya tsaya a gaɓa, laka har ƙauri, ya ƙi zama. Da sandarsa ya riƙa ba da umarni. Wurin ya yi tsit, an ma kashe injin, ba ka jin komai sai kukan kurciyoyi a kan mangwaro da muryar Baba yana cewa, "Sannu-sannu. Hagu ku jira dama. Ɗaga sama, ɗaga!" Tafiyar da suka yi ɗazu cikin ɗan lokaci, yanzu ta ɗauke su kusan rabin sa'a. Tun suna tsakiya na ga jijiyoyin wuyansu sun tashi. Mai gemu ya waiwayo, ido waje, ya ce, "Alhaji, ta yi nauyi!"

Da bakunan tarun biyu suka haɗu a kusurwa, ruwan wurin ya koma kamar tukunya na tafasa. Mutum takwas suka kasa ɗaga ragar, sai da direban a-kori-kura da masu babura suka shiga, ni ma ban san sanda na tuɓe takalmi na kama wani gefe ba. Karfasa ce fal, masu faɗi kamar tafin hannu biyu a haɗe, bayansu ruwan toka mai ratsi-ratsi, cikinsu fari, wasu da ɗan ja-ja a wutsiya. Suna ta bugun juna, suna watsa mana laka a fuska. Alhaji ya tsaya yana ta maimaita Alhamdulillahi. Matan suka yi guɗar da ta fi ta ɗazu, tsohuwar mai kasko ta ce, "Dattijo, Allah ya ja kwana!"

Na kai hannu na cafki guda, ƙayar bayanta ta soke ni a tafi, na yar da ita na yi ƙara. Baba ya yi dariya. Dariya sosai, har da tari. Ya ce, "Malamin makaranta! Ta kai ake shafo ta, ƙayar ta kwanta, sannan ka riƙe." Ya ɗauki wata ya nuna mini, kifin ya yi lamo a hannunsa.

Aka shiga zuba wa a bahuna, ana ware manya da ƙanana. Baba ya koma kan bahonsa, amma ya sa aka ajiye masa wani a gabansa yana taya su. Can ya ɗago wata matsakaiciya, ya duba maƙogwaronta da ya ɗan kumbura, ya kira Alhaji. Ya matsa mata baki a hankali da yatsa. Ciki cike yake da ƙananan ƙwai masu ruwan ɗorawa.

"Uwa ce. A baki take renon su, ba ta cin komai sai sun ƙyanƙyashe sun iya iyo. Irin wagga ba a kai ta kasko. In kana da inda za ka aje su, ka aje."

Alhaji yana da wani ƙaramin rami a gefe mai ruwa, nan aka riƙa sakin duk wadda Baba ya ware. Har mai gemu ya koyi dubawa, yana kawo masa yana tambaya, "Baba, wannan fa?"

Tsohuwar nan ba ta tambayi kowa ba, ta zaɓi manya guda biyu, ta kankare, ta tsaga, ta wanke, ta shafa gishiri da yaji ta jefa a mai. Ta kawo mana a faranti da yankakkiyar albasa daga gonar da ke gefe. Na buɗe baki zan ce likita ya hana shi gishiri da mai, na dubi yadda yake kallon farantin, na rufe bakina. Ya wanke hannu, ya yi bismillah, ya ɓare tsokar daga ƙaya da yatsu uku, ko ɗaya bai bari ta shige masa ba. Ya cinye tasa tas, ya tsotse kan, sannan ya miƙa hannu ya ɗebi rabin tawa.

Yana ci yana ba su labari. Ya faɗi yadda suke tafiya a bayan babbar mota kwana da kwanaki, yadda ruwan tafkin can ba a hango ƙarshensa, da sauron da ke sa mutum ya shige buhu ya ɗaure bakin. Ya faɗi wani ubangidansa Babarbare da ya koya masa taka taru, mutum mai faɗa amma ba ya cin abinci sai yaransa sun ƙoshi. Sai ya juyo gare ni, ya rage murya.

"Ranin ƙarshe da na dawo, kifi banda na kawo wa innarka, cikin kwando. Lokacin ana neman aurenta. Sa'o'ina na kai turare da atamfa, ni na kai kifi. Ƙawayenta suka yi ta yi mata dariya. Ita ko ta ce wanda ya kawo abin miya shi ya san gida." Ya goge hannu a buhu. "Ita ta ce kada in ƙara komawa, ruwa ba shi da amana. Ban ƙara ba."

Tun ranar da muka binne ta bai ambace ta a gabana ba sai a wannan wuri. Idonsa ya kawo ruwa, bai ɓoye ba, bai kuma bar maganar ta yi nauyi ba. Ya ce Allah ya jiƙanta, duk wanda ke kusa ya ce amin, har waɗanda ba su san wa ake nufi ba.

Wayata ta yi ƙara. Yaya ce, tana tambaya ko lafiya, tun ɗazu take leƙen hanya. Na ce lafiya lau, mun tsaya ne Baba na kamun kifi. Ta ce in daina yi mata wasa da hankali. Na miƙa masa wayar, ya ce mata, "Ki jiƙa tsamiya, ki nemo daddawa, muna tahe da abin miya." Na ji ta a ɗaya gefen ta ce, "Baba, kai ne?"

An ja tarun sau biyu bayan wannan kafin mu tashi. Alhaji ya sa aka cika mana wani bokiti, aka rufe da ɗanyen ganye aka sa a bayan mota. Na kai hannu aljihu, ya ɓata fuska ya ce kada in ɓata masa rana. Ya karɓi lambar wayata, ya rako mu har mota, ya buɗe wa Baba ƙofa da kansa. Ni kuma na rasa irin godiyar da zan yi masa. Shi yana ganin mu muka taimake shi. Na riƙe hannunsa da hannu biyu na ce Allah ya saka da alheri, na san bai gane iyakar abin da nake nufi ba.

Da muka isa gida Yaya ta ga busasshiyar laka a wandon Baba, ta dube ni kallon da na san ma'anarsa. Amma ba ta samu damar yin faɗan ba, domin Baba ya riga ya zauna a tsakar gida yana rarraba kifi, wannan a kai gidan liman, wannan gidan ƙaninsa, wannan a ba matar maƙwabci da ta haihu. Da la'asar dattawan unguwa suka taru a ƙofar gida, na ji shi yana sake ba da labarin daga farko, kifin ya ɗan ƙara girma a bakinsa.

Ba zan ce daga ranar ya warke sarai ba. Akwai ranakun da shirun ke dawo masa, jinin ma yana hawa yana sauka. Amma ya koma cin abinci, ya koma fita majalisa, da damina ta faɗi har gona yana leƙawa. Ni kuma na mayar da zuwa gida duk Asabar, in zauna in yi ta tambayar sa, yana ba ni labaran da da na yi sakaci da sun tafi tare da shi.

Alhaji bai yar da mu ba. Yakan kira wayata ya ce in haɗa shi da Baba, ko kifi ya taso sama da safe yana haki, ko ruwa ya canza launi. Wani abin Baba ya sani, wani ya ce masa gaskiya wannan na masu kiwo ne, shi kamu ya iya, ya je ya tambayi malaman gona. Sau biyu yana zuwa har ƙauye a kan babur, ya zauna a kan buzu su yi ta hira kamar sun shekara ashirin da sanin juna.

Shekara ɗaya da rabi bayan wannan tafiya Allah ya karɓi ran Baba, da kaka, bayan gajeriyar jinya. A cikin ruɗewa ban tuna na sanar da Alhaji ba. Ranar uku muna zaune a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, sai ga babura huɗu sun tsaya. Shi ne, da ƙaninsa, da mai gemu, da wasu daga cikin waɗanda suka ja taru. A kasuwar Kurfi ya ji labari. Suka zauna aka yi addu'a. Dangi suna ta tambayata a hankali su wane ne waɗannan, na ce abokan Baba ne.

Ba su daɗe ba. Alhaji ya ce in yi musu afuwa, akwai sabon zubi a kududdufi, dole a ba su abinci kafin la'asar. Na raka su har bakin hanya, na tsaya har suka sha kwana.